Yadda Ake Shirya Hutun Zanzibar da Yaro Ɗan Tatata

Ɗana yana da wata 20 a duniya muka kai shi Zanzibar, ni da mahaifinsa. Kafin mu tashi, duk wanda ya ji labari sai ya ce, "Da wannan ɗan tatatan za ku ƙetare teku? Ku bar wa kakarsa shi mana." Ban bar shi ba, domin ko yaye shi ban yi ba a lokacin, kuma har yau ina godiya ga Allah da muka tafi tare. Abin da na dawo da shi a raina shi ne, a tafiya irin wannan yaron shi ne madugu. Lokacin barcinsa, abin da cikinsa ya saba da shi, da irin ruwan da ƙafarsa za ta iya tsayawa a ciki, su ne za su zaɓa muku watan tafiya, su zaɓa muku gefen tsibirin da za ku sauka, har da ɗakin da za ku kwana. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan na gina shi.

Na zaɓi Zanzibar ne saboda sauƙin da take ba iyali Musulmi. Yanki ne na ƙasar Tanzaniya mai gwamnatinsa ta cikin gida tun haɗewar Tanganyika da Zanzibar a 1964, kuma kusan duk mazauna wurin Musulmi ne. Za ku ji kiran salla daga masauki, ba za ku sha wahalar neman abincin halal ba, hijabi kuwa shi ne suturar matan garin. Babban tsibirin da baƙi ke sauka sunansa Unguja, shi ake nufi idan an ce an je Zanzibar. Ɗan'uwansa Pemba yana arewa, ya fi shiru, amma zuwansa da ƙaramin yaro ƙarin wahala ne, ku bar shi sai ya girma.

Mataki na farko: takardu, tun saura wata uku

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai.

Yaro ko jinjiri ne sai da fasfonsa na kansa. A Najeriya Hukumar Shige da Fice ba ta bayar da fasfo sai da lambar NIN, har ga yara, don haka jerin aikin shi ne: takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sai NIN ɗin yaron, sai fasfo. Ku duba yadda aka rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a takardun nan uku. In harafi ɗaya ya saɓa, misali Muhammad a nan, Mohammed a can, gyaran zai iya cinye muku makonni. Ku ma iyaye ku duba naku fasfon: ya kasance yana da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ku shiga ƙasar.

Sai biza. Za ku karanta a intanet cewa ana samun bizar Tanzaniya a filin jirgi da zarar an sauka. Gaskiya ne ga 'yan ƙasashe da yawa, amma ba ga mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba. Waɗannan ƙasashe suna cikin jerin waɗanda sai an aika buƙatarsu hedikwatar shige da fice ta Tanzaniya ta tantance tukuna. Ana cike takardar a shafin hukumar na intanet, kowane mutum da tasa, har da yaron, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema tun saura wata biyu, kada kuma a biya kuɗin jirgi kafin amincewa ta fito. Ku ɗauki wannan shawara da gaske. Ku sa wakilin tafiye-tafiye ya kama muku gurbin jirgi ba tare da biya ba, ku kama masaukin da ake iya sokewa kyauta, ku haɗa da su a takardar neman. Idan biza ta fito, ku buga ta a takarda, kada ku dogara da waya kaɗai.

Abu na uku katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa na ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kuma ya kai shekara ɗaya, Tanzaniya tana neman katin daga gare shi. Iyaye mata da yawa suna cewa, "Ai an yi masa allurar tun yana wata 9." Haka ne, amma katin asibitin unguwa daban, katin tafiya daban. Ku ɗauki katin rigakafinsa ku je ofishin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a manyan filayen jirgin sama kamar na Malam Aminu Kano da na Abuja, su ba shi nasa katin. Wanda kuma ba a taɓa yi wa allurar ba, katinsa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Daga nan yana aiki har ƙarshen rayuwa.

Na huɗu inshora. Tun daga 1 ga Oktoba 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta na gwamnati, dala 44 ga babban mutum, yara kuma da rangwame. Ko kuna da wata inshorar daga gida, wannan sai kun yi ta. Ana biya ta intanet kafin tafiya, a ba ku takarda mai lambar da ake haskawa. Ku shigar da sunan yaron ko da ba za a caje shi ba.

In uwa ce za ta tafi da yaron ita kaɗai, ko uba, a riƙe takardar haihuwa da wasiƙar amincewar ɗaya mahaifin mai sa hannu, da kwafin fasfonsa. Duk takardun nan ku ɗauke su hoto, ku tura wa wani amintacce a gida.

Mataki na biyu: wane wata?

Zanzibar tana da damina biyu. Babbar, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Farashi yana sauka a lokacin, amma zaman ɗaki da yaro mai neman wurin gudu ba hutu ba ne. Ƙaramar, vuli, tana zuwa wajen Nuwamba zuwa Disamba, ruwa ya sauko ya ɗauke. Janairu da Fabrairu rana ce mai ƙuna da gumi, irin zafin da ke fito wa yara da ƙurajen zafi a wuya da hammata.

A ganina Yuni zuwa Oktoba ya fi dacewa da yaro. Ba ruwa sosai, zafi ya lafa, iska tana kaɗawa. Ya kuma yi daidai da dogon hutun makaranta in akwai yayyensa, sai dai Yuli da Agusta su ne lokacin cikar baƙi daga Turai, kuɗin ɗaki yana hawa. In ba ku da ɗan makaranta, Yuni ko Satumba sun fi sauƙi. Ku duba kalandar Musulunci ma: a watan azumi gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana, yaro kuwa ba ya jiran magariba.

Wata shawara daga uwa zuwa uwa: kada ki yaye yaro daf da tafiya. Ko dai ki yaye shi da wata biyu ko uku ya saba, ko ki bari sai kun dawo. Nono shi ya cece ni a jirgi, shi ya cece ni daren da ya ƙi cin komai.

Mataki na uku: wane gefen tsibirin?

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder bai san teku yana tafiya ya dawo ba. Ni ma sai da na gani da idona. Sau biyu a yini ruwa yake cikowa ya janye, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa. A farkon watan Musulunci da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Mu da muke lissafin wata, wannan abu ne mai sauƙin riƙewa.

A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu, Kiwengwa da Matemwe, ƙasar teku a shimfiɗe take. In ruwa ya janye sai ya yi nisa ƙwarai, a wasu wuraren har ya kusa ɓace wa ido, ya bar farin yashi da 'yan kududdufai marasa zurfi masu ɗumi. A nan za ku ga mata suna aikin gonakin ciyawar teku da suke kira mwani. Ga ɗan tatata waɗannan kududdufai abin so ne, zai zauna ya yi ta facal-facal. Amma akwai abu biyu. Na farko, a cikin duwatsun akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙaya kamar bushiya, in aka taka ta ƙayar tana karyewa a cikin ƙafa. Takalmin roba mai rufe ƙafa dole ne, ga yaro da babba. Na biyu, in ruwa ya tashi dawowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana zuwa da sauri fiye da yadda ake zato. Kada ku yi nisa da goyo ba ku san lokacin cikowa ba. Otal-otal da yawa suna rubuta jadawalin a allo, in ba su rubuta ba ku tambaya kowace safiya. Paje kuma wurin iska ne, masu wasan lilo da laima a kan ruwa sun cika ta, igiyoyinsu haɗari ne ga yaro mai gudu.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar ta fi gangara, don haka ruwa ba ya gudu da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Wannan ya sa baƙi suka fi yawa a can, da kiɗa da dare a wasu wuraren, musamman Kendwa. Kuma gangarar tana nufin taku kaɗan ruwa ya wuce kan yaro.

Mu gabas muka zaɓa, kusa da Jambiani, saboda shiru da ruwa mara zurfi, kuma in zan koma da yaro mai wannan shekaru can zan sake sauka. Wanda yake so shi ma ya yi ninƙaya sosai, arewa ta fi masa. Ko ina kuka zaɓa, ku zauna wuri ɗaya. Kwana biyu a cikin tsohon gari, wato tsohuwar unguwar babban birnin tsibirin, a farko ko a ƙarshe, sauran kwana huɗu ko biyar a bakin teku, ya wadatar. Duk sauya masauki yana cinye yini guda, yana kuma ɓata barcin yaro na dare biyu.

Mataki na huɗu: masauki

Kada hoto ya ruɗe ku. Ku rubuta wa masaukin saƙo kafin ku biya, ku jira amsa. Wasu otal-otal na Zanzibar ba sa karɓar yara kwata-kwata, don haka wannan ce tambayar farko. Sai ku tambayi gadon yaro mai shinge, gidan sauro a kan kowane gado, na'urar sanyaya ɗaki, janareta in an ɗauke wuta, firiji da butar dafa ruwa a ɗaki. Ku nemi ɗakin ƙasa. Benayen can da yawa matakalarsu a tsaye take, barandar kuma gibin ƙarfenta ko katakonta ya isa yaro ya zura jiki. Amma ɗakin ƙasan kada ya zama wanda ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye kan wurin ninƙaya, domin yawancinsu ba shinge.

Ku tambaya ko harajin kwana da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo yana cikin kuɗin ɗaki ko daban ake biya. In sayar da giya a harabar masauki yana damun ku, ku tambaya a fili, akwai ƙananan gidajen baƙi na 'yan gari da ba sa sayarwa. Gida mai kicin ya fi mini komai, saboda kunun safe.

Da bakin masaukin kuma za ku shirya motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi. Zuwa Paje ko Jambiani kusan awa ɗaya ne ko fiye kaɗan, zuwa Nungwi kusan awa ɗaya da rabi. Ku nemi kujerar yaro ta mota tun da wuri, domin ba kowace tasi ke da ita ba. A hagu suke tuƙi, ku tuna da haka wajen sauke yaro daga mota da wajen tsallaka titi.

Mataki na biyar: jirgi

Daga arewa hanyar da ta fi miƙewa ita ce Ethiopian Airlines, daga Kano ko Abuja zuwa Addis Ababa, daga can zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar. Daga Legas akwai kuma Kenya Airways ta Nairobi. Wasu suna sauka birnin Darussalam na Tanzaniya su hau jirgin ruwa mai gudu zuwa Zanzibar, tafiyar kusan awa biyu. Da yaro ban ba da wannan shawara ba, musamman tsakanin Yuni da Satumba da iskar kudu ke tayar da igiyar ruwa. Amai a cikin cunkoso bayan doguwar tafiya ba abin da za a ɗora wa yaro ba ne.

Yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama, ana biya masa kaso kaɗan na kuɗin tikiti, galibi wajen kashi 10 cikin ɗari. Da ya cika 2 sai an saya masa kujera. Ku lura da wannan: in zai cika shekara 2 kuna can, dawowa sai da kujerarsa, ku gaya wa mai sayar da tikiti tun farko. Ku zaɓi jiran da bai gaza awa biyu ba a Addis Ababa, don canza famfas da ciyarwa ba a yin su da gudu. Garin yana kan tudu sama da mita 2,300, da dare akwai sanyi, ku sa rigar sanyi da safa a jakar hannu.

Jakar hannun ita ce rayuwarku na yini guda: famfas fiye da lissafinku, tsumman goge jiki, kayan canji kala uku na yaro da kala ɗaya na uwa, abin taɓawa, kofinsa, da wani ƙaramin abin wasa sabo da bai taɓa gani ba. Madara da abincin yaro ana barin su wuce wurin bincike ko sun haura ƙa'idar ruwa, sai dai ku fito da su ku nuna. Lokacin tashi da lokacin sauka kunnen yaro yana toshewa ya yi zafi, haɗiya ce maganinsa. Ki ba shi nono ko kofi da zarar jirgi ya fara gangarowa, kada ki jira sai ya fara kuka.

Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. Kwana uku kafin tafiya ku fara kwantar da shi da wuri kaɗan-kaɗan.

Mataki na shida: likita da jakar magani

Saura wata ɗaya ku kai shi wurin likitan yara. A auna nauyinsa, a rubuta muku adadin farasitamol daidai da nauyin, a duba ko rigakafinsa ya cika, ku kuma yi maganar zazzaɓin cizon sauro. Zanzibar ta rage cutar sosai, amma ba ta ƙare ba. Likita ne zai ce ko yaron zai sha maganin kariya. Gidan sauro, doguwar riga da wando bayan la'asar, da man korar sauro na yara, waɗannan ba sa jiran izinin kowa.

A jakar ku sa ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa, fakitin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, filasta, man ƙurajen famfas, da duk maganin da yake sha kullum a cikin kwalinsa na asali. Ku ƙara da man kare fata daga rana. Na san ana cewa baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, balle ta yaro, balle a kan farin yashi da ruwa masu maido da haske. Hula mai faɗi da rigar ruwa mai dogon hannu sun fi man ma aiki.

Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, yana cikin birni, akwai kuma asibitoci masu zaman kansu. Ranar da kuka sauka ku tambayi masauki wane asibiti ne mafi kusa, da lambar direban da zai amsa waya da tsakar dare. Zazzaɓi mai zafi, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin shan ruwa, famfas a bushe tsawon awanni, ko yaro ya yi laushi, duk ba abin jiran safiya ba ne.

Kaya da kuɗi

Zanin goyo biyu. In aka ce in ɗauki abu ɗaya tak, shi zan ɗauka. Lungunan tsohon gari matsattsu ne, ga babura, ga matakalai, keken tura yaro kuma ba ya tafiya a yashi. Keken yana da amfani a filin jirgi kawai.

Famfas da madara akwai su a shagunan birni, amma a ƙauyukan bakin teku ba lallai ku sami irin wanda ya saba da shi ba, ku taho da na kwanakin duka. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yuni 2019, har baƙi an hana su shigo da ita, don haka ku nemi jakar yadi da wata mai zif don jiƙaƙƙun kaya. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya.

Kuɗinsu shilin Tanzaniya ne. Ku riƙe dala sababbin bugu marasa yagewa, ku canza a birni ko a filin jirgi kafin ku wuce bakin teku, domin na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a ƙauyuka. Kada ku jingina tafiyar duka a kan katin naira. Ku ware wani abu a gefe da ba za a taɓa ba sai don asibiti ko sauya tikiti.

Mataki na bakwai: tsarin yini

Ga yadda yininmu yake tafiya. Bayan asuba yaro ya tashi, a sha kunu, a fita bakin ruwa tun rana ba ta yi zafi ba. Kafin ƙarfe 10 mun dawo inuwa. Wanka da ruwan daɗi don gishiri da yashi kada su ci masa fata, abinci, sai barcin rana a ɗaki, a kan gado, a lokacin da ya saba. Bayan la'asar a sake fita. Fita ɗaya mai nisa a yini, gobe kuma a huta. Kalmar da za ku fi ji a bakin mutanen wurin ita ce pole pole, wato sannu-sannu, mu ma ai mun ce sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu maganar da ta fi duk abin da na rubuta muhimmanci. Yaro yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba ya ihu, ba ya fantsama, shiru abin yake faruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Haɗarin ya fi yawa idan manya suna da yawa, domin kowa yana zaton wani ne ke kallo. Ni da maigida mun yi ƙa'ida: mai tsaron yaro mutum ɗaya ne a kowane lokaci, ba waya a hannunsa, kuma yaron bai wuce inda hannu zai kai ba. In zan tashi salla sai in ce, "Abban yaro, ga shi nan a hannunka," ba na motsawa sai ya ce, "Na karɓa." Ba ma yin salla a lokaci ɗaya in muna kusa da ruwa. Kada a bar wa yayarsa 'yar shekara 8 wannan aiki. Robar da ake hurawa a sa a hannu abin wasa ce, ba ta tsare rai. Da dare a sa sakata ta sama, domin yaron da ya ga ruwa da rana zai nemi hanyarsa da kansa.

Wuraren da suka dace da shi kaɗan ne, kuma sun isa. Dajin Jozani yana kan hanyar gabas, a nan ake ganin jan birin nan da babu irinsa sai a Zanzibar. Tafiyar gajera ce a inuwa, yaro yana goye, kada a bar shi ya miƙa wa biri hannu ko ya riƙe abinci. Kusa da shi a ƙauyen Pete akwai lambun malam-buɗe-littafi. A Nungwi akwai tafkin Mnarani inda ake kula da kunkurun teku. Tsibirin Changuu kuma, wanda ake kira tsibirin kurkuku, yana da manyan kunkuru waɗanda aka kawo na farkonsu daga Seychelles a 1919, tafiyar kusan rabin awa a ƙaramin jirgin ruwa daga birni. Kafin ku biya, ku ce a nuna muku rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yaro. In ta manya kawai gare su, ku fasa. Mu mun fasa a ranar farko saboda haka, washegari muka sami mai ita. Fitar yini guda a kan kwale-kwale, da ta kallon dabbar dolfin da sassafe, ku bar su.

Tsohon gari, Mji Mkongwe a bakinsu, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ku zaga shi da safe: ƙofofin katako masu sassaƙa, tsohuwar ganuwa, kasuwar Darajani. Da yamma lambun Forodhani yana cika da iyalai da masu gashi, sai dai bakin ruwan wurin ba shinge, goyo ko riƙon hannu. Gonar kayan ƙamshi ma ta yi mana daɗi, a nan na fara ganin bishiyar kanumfari, wanda suke kira karafuu, abin da muke jefawa a kunu da zoɓo tun muna yara.

Za ku ji kalmomi da yawa sun yi kama da namu, saboda Swahili ma ya sha daga Larabci: habari labari, sabuni sabulu, asubuhi asuba, Alhamisi da Ijumaa. Ku riƙe maji ruwa, mtoto yaro, dawa magani, asante na gode. Dattijo ana gaishe shi da shikamoo, ya amsa da marahaba. Abu ɗaya da zai iya sa ku rasa jirgi: suna fara ƙirga awa daga wayewar gari. Saa moja asubuhi, wato awa ɗaya ta safe, ƙarfe 7 ke nan. In kun yi alƙawari da direba, ku nuna masa lokacin a fuskar waya.

Abinci

Na tafi da garin kunun gyaɗa da na gero a roba mai murfi, da filas. Da safe abin da ya sani yake fara shiga cikinsa, sauran yinin ko ya yi tsirfa hankalina a kwance. Su ma suna da nasu kunun, uji. Farar shinkafa da ake dafawa da madarar kwakwa, chapati, mandazi mai kama da fanke, ayaba, gwanda, mangwaro, dafaffen ƙwai, duk yaro zai ci. Pilau da biriyani suna da kayan ƙamshi amma ba su cika yaji ba. Kifi ki bi shi da yatsa sau biyu saboda ƙaya.

Ruwan roba mai hatimi kawai zai sha, da shi za a wanke masa baki, da tafasasshe za a wanke kofinsa. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ganye, ban da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye. Gashin Forodhani yana jan ido, amma wasu kayan tekun sun daɗe a kan tebur, yaro kada ya ci sai abin da aka dafa a gabanku ya fito da zafi. In bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, tsibiri mai nisa da asibiti ba wurin gwaji ba ne.

Dawowa

Daren ƙarshe ku kwana a birni, minti 15 zuwa 20 ne zuwa filin jirgi, ya fi ku taso yaro da tsakar dare daga Nungwi. Ku ware famfas da kayan canji na hanya tun kafin a rufe akwati, a sake cika filas, katin shawara ya koma cikin fasfo domin za a iya neman sa a hanya. Bayan kun iso gida barcinsa zai ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya daidaita. In zazzaɓi ya kama shi a makonnin da suka biyo baya, ku kai shi a gwada jininsa a ranar, ku gaya wa likita inda kuka je da ranar da kuka dawo.